Ƙarar injin iska da ta sa wani gari ya kai kansa ƙara

Idan ka taɓa zama a gidan haya inda maƙwabci ke tayar da janareta dab da tagar ɗakinka, ba sai na yi maka dogon bayani a kan abin da ƙara ke yi wa mai neman barci ba. Ka san yadda ake yi. Daren farko ka yi haƙuri, na biyu ka danne kunne da filo, na uku ka kwana kana shirya maganar da za ka faɗa masa da safe. In ya ƙi ji, akwai mai gidan, akwai mai unguwa, in ta kama har ƙaramar hukuma. To yanzu sauya lissafin. A ce injin da ke hana ka barci na ƙaramar hukumar ne ita kanta. Da sunanka aka ci bashin da aka saye shi, kuma duk awar da aka kashe shi asara ce a asusun gari. Wa za ka kai wa kuka?

Wannan tambayar ce ta raba kan mutanen wani gari mai suna Falmouth har tsawon shekara goma sha biyu. Garin yana bakin teku a yankin Cape Cod na jihar Massachusetts a Amurka, mutanensa sun ɗan haura dubu 30, ka ga ko wata babbar unguwa a Kano ta fi shi jama'a. Na ɗauko maka labarinsa ne saboda mu matasa mun saba jin maganar makamashi mai tsafta a matsayin abu mai fuska ɗaya: rana da iska alheri, man fetur da kwal sharri, duk wanda ya yi ƙorafi kuma ko dai jahili ne ko an biya shi. Ni ma ina cikin masu son ganin lantarkin iska da na rana sun yawaita. Amma abin da ya faru a Falmouth ya fi wannan rabon sarƙaƙiya, kuma laifin ba a wurin iskar yake ba.

Niyyar hukumar garin mai kyau ce, wannan kam babu mai musu. Suna da wata babbar ma'aikatar tace ruwan ƙazanta mai shan wuta sosai, filin wajen kuma nasu ne. Sai suka ce me zai hana su kafa injin da iska ke juyawa ya ba su lantarki, su rage kuɗin wuta, rarar kuma a sayar. Gwamnatin jiha tana zuga su, domin a lokacin tana da burin yawaita irin waɗannan injuna. Aka kafa na farko, wanda suka kira Wind 1, ya fara aiki a 2010. Na biyun, Wind 2, ya fara a 2012, kuma da kuɗin da gwamnatin Obama ta ware don farfaɗo da tattalin arziki bayan durƙushewar 2008 aka yi shi, kusan dala miliyan 5. Su biyun sun ci wajen dala miliyan 10. Ka buga lissafi da canjin yau ka gani.

Kada ka ɗauka ƙananan fankoki ne irin waɗanda ake ɗorawa a kan rufi. Kowanne ƙirar kamfanin Vestas ne na ƙasar Danmak, mai ƙarfin megawat 1.65. Daga ƙasa zuwa inda bakin fiffike ke kaiwa a sama ya kai mita 120, wato ya fi tsawon filin ƙwallo in da za ka tayar da shi tsaye. Faɗin da'irar da fuka-fukan uku ke zanawa mita 82 ne. Daga nesa za ka ga kamar a hankali suke juyawa, kusan sau 14 a minti, amma bakin fiffiken yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Wasu gidajen mutane kuwa ko rabin kilomita ba su kai ba daga gindinsa.

Ba a daɗe da kunna na farkon ba koke ya fara zuwa. Rashin barci, ciwon kai, jiri, wani irin nauyi a kunne, saurin fushi. Wasu suka ce sun koma kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu suka ce lambun da suka yi shekaru suna reno ya gagare su zama. Ba dukan garin ba ne fa, gidaje ne 'yan gomomi da ke kewaye da wajen. Riƙe wannan a ranka, domin nan gaba shi ne zai zama ƙashin bayan rigimar.

Bari mu tsaya a kan ƙarar kanta, don a nan mutane da yawa ke kuskure. Baƙo zai zo da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar gidan mai ƙorafi, ya kasa kunne, ya ce shi bai ji komai ba sai ɗan shuu, ko firij ɗin gidansa ya fi wannan. Kuma ba ƙarya ya yi ba. In ka auna da na'ura, ƙarar da ke isa gida daga irin wannan nisa sau da yawa ba ta kai ta hirar mutum biyu ba. Matsalar tana cikin yanayin sautin da kuma lokacin da yake zuwa. Sautin ba miƙaƙƙe ba ne kamar na fanka da kunne ke sabawa da shi ya manta. Yana hawa yana sauka da kowane wucewar fiffike, fuu, fuu, fuu, fiye da sau 40 a minti. Ka tuna famfon da ke ɗiga a bokiti cikin dare. Ƙararsa ba ta kai ta kawo ba, amma da zarar kunnenka ya kama shi, shi ke nan, sai ka tashi ka ɗaure shi. Wannan kuwa ba ka da hannun ɗaure shi.

Sannan ga dare. Da rana, iskar sama da ta ƙasa suna cakuɗuwa, saboda haka in injin na gudu, itatuwan ƙofar gidanka ma suna kaɗawa, motoci na wucewa, ƙarar ta ɓace a cikinsu. Da dare, musamman in sama ta yi garau, ƙasa na hucewa, iskar da ke kusa da ita ta kwanta, alhali can sama a tsayin mita 80 tana nan tana busawa da ƙarfi. Sai ya zama unguwa ta yi tsit, ganye ko motsi ba ya yi, amma injin yana aiki gadan-gadan. Wani masani ɗan ƙasar Holan ya auna wannan a wata gonar iska da ke kan iyakarsu da Jamus tun farkon shekarun 2000, ya nuna cewa lissafin da ake yi da iskar ƙasa yana raina ƙarar dare. Ka ƙara da inuwar fuka-fukan da ke gilmawa ta taga da hantsi ko da yamma, kamar wani yana kunna fitila yana kashewa a falonka.

To shin injin iska yana sa cuta? A nan sai an yi hankali, domin ɓangarorin biyu kowa ya ja zaren ya wuce inda ya kamata. A 2009 wata likita a Amurka, Nina Pierpont, ta fitar da littafi tana cewa akwai wata cuta ta musamman da waɗannan injuna ke jawowa ta hanyar sautin da ya yi ƙasa da abin da kunne ke iya ji. Maganar ta bazu a intanet kamar wutar daji. Amma binciken da ya biyo baya bai mara mata baya ba. A watan Janairun 2012 kwamitin masana da jihar Massachusetts ta kafa ya ce bai ga hujjar wata cuta ta daban ba, sai dai ya yarda cewa ƙarar wasu injunan tana iya katse wa mutum barci. A 2014 ma'aikatar lafiya ta Kanada ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a gidaje sama da 1,200, ba ta ga alaƙa tsakanin ƙarar da cututtukan da mutane suka ambata ba, amma ta ga cewa takura da ɓacin rai suna ƙaruwa yayin da ƙarar ke ƙaruwa. A jami'ar Auckland ta New Zealand kuma an yi wani gwaji: aka nuna wa wasu mutane bayanan da ke cewa sautin yana cutarwa, sannan aka ce an kunna musu shi alhali ba a kunna komai ba, sai ga su suna ƙorafin alamomin ciwo. Tsoro ma kansa yana sa ciwo, mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne.

Ni abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, babu wata ɓoyayyiyar guba a cikin iskar, kuma maganar da Donald Trump ya taɓa yi a 2019 cewa ƙarar injin iska na jawo ciwon daji ba ta da tushe ko kaɗan. Amma kada wannan ya sa ka raina mai ƙorafi. Kalmar "takura" a bakin masu bincike ba ƙaramin abu ba ce. Mutumin da ya shekara ba ya samun cikakken barci a gidan da ya zuba duk abin da ya tara, ba ya buƙatar sabon sunan cuta kafin a yarda an cuce shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta sa ƙarar injin iska cikin jagorar da ta fitar wa ƙasashen Turai, ta ba da shawarar kada matsakaicinta ya wuce desibel 45.

Dokar Massachusetts tana da nata ma'aunin, kuma mai hankali ne: kada wani sabon abu ya ƙara fiye da desibel 10 a kan ƙarar da wuri ya saba da ita. Ƙarin desibel 10 a kunnen mutum kamar an ninka ƙara ne sau biyu. A watan Mayun 2012 ma'aikatar kare muhalli ta jihar ta auna cikin dare, ta samu Wind 1 ya ƙetare wannan iyaka a wani gida. Daga nan aka koma kashe injunan da dare. Wato shekara biyu mutane suna faɗa ana ce musu tunaninsu ne, sai da na'urar gwamnati ta faɗa aka ji.

Yanzu mu zo kan abin da nake ganin shi ne asalin ciwon. Falmouth tana da dokar tsara gine-gine da ta ce duk mai son kafa injin iska sai ya nemi izini na musamman. Neman wannan izinin yana nufin a aika wa maƙwabta takarda, a kira zaman jin ra'ayi, a baje taswira da lissafin ƙara, mai ƙorafi ya tashi ya yi magana a rubuta, hukumar da ke ba da izinin kuma tana iya gindaya sharuɗɗa ko ta hana baki ɗaya. Da ɗan kasuwa ne ya zo, da sai ya bi ta wannan ƙofar. Amma da yake gari ne da kansa mai aikin, sai jami'ansa suka fassara dokar cewa ba ta hau kan aikin hukuma ba. Aka ba da takardar gini ta yau da kullum, aka wuce. An tattauna maganar kuɗin a taron gari, an kaɗa ƙuri'a a kanta, wannan gaskiya ne. Sai dai amincewa a ci bashi daban, zama da mutanen da abin zai tsaya a bayan gidansu a duba nisa da ƙara daban.

Akwai kuma wata wasiƙa da ta fito daga baya ta ƙara dagula zukata. A watan Agustan 2010, lokacin da koke a kan na farko ya riga ya fara, kamfanin Vestas ya rubuto wa garin kafin ya saki na biyu, yana neman su tabbatar sun san injin na iya fitar da ƙara har desibel 110 a wasu yanayi. Adalci shi ne in gaya maka wannan adadin a jikin injin ne, kafin nisa ya cinye mafi yawansa. Amma ka sa kanka a matsayin maƙwabci. Kana kuka da na ɗaya, mai ƙera shi yana jan kunne, hukumarka kuma ta ci gaba da kafa na biyu.

Me ya sa ba su tsaya ba? Ba mugunta ba ce, bashi ne. An ci bashi a kan Wind 1 da tsammanin kuɗin wutar da zai kawo ne zai biya. An karɓi kuɗi tun kafin a fara daga wata hukumar jiha a kan alƙawarin lantarki mai tsafta da za a samar. Kuɗin Wind 2 kuma yana da sharaɗi, in injin ya daina aiki maganar mayar da su za ta taso. Saboda haka duk lokacin da wani dattijo ya tashi a zauren taro ya ce bai yi barci ba, waɗanda ke zaune a kan teburi suna jin sa da kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana wajen ma'aji. Hukumar da aka zaɓa don ta tsaya tsakanin mai ƙarfi da mai rauni ta wayi gari ita ce mai kaya, ita ce mai ba da izini, ita ce kuma ake kai wa ƙara. Ko a kasuwar ƙauye ba a barin dillali ya zama shi ne mai saniya kuma shi ne mai raba gardama.

Abin da ya biyo baya sai ka ce wasan kwaikwayo. A farkon 2013, bayan dogon zaman sulhu da bai haifar da matsaya ɗaya ba, shugabannin garin suka ce su dai a cire injunan a huta. Amma cirewa kuɗi ce, an ƙiyasta za ta lashe miliyoyin daloli in an haɗa da biyan basussuka, kuma sai masu biyan haraji sun yarda. A watan Mayu aka kai maganar akwatin zaɓe. Kusan kashi biyu cikin uku suka ce a'a, a bar su.

Tsaya ka kalli wannan ƙuri'ar da kyau, domin mu masu yawan kiran dimokuraɗiyya ya kamata ta dame mu. Babu maguɗi, babu sayen ƙuri'a, mafi rinjaye sun faɗi ra'ayinsu. Amma mafi rinjayen nan suna kwana ne kilomita biyar, kilomita goma daga injin. Abin da aka tambaye su a zahiri shi ne, kun yarda a ƙara muku haraji don wasu gidaje 'yan kaɗan su samu barci? Amsar ba ta buƙatar boka. Ribar ta watsu a kan kowa kaɗan-kaɗan, wahalar kuma an tara ta a kan 'yan tsiraru. Irin wannan matsala ƙuri'a ba ta warware ta, sai dai ta ba masu rinjaye natsuwar cewa sun bi ƙa'ida. Ban ce su mugaye ba ne. Da yawansu sun yi imani da gaske cewa cire injunan koma baya ne a yaƙi da ɗumamar yanayi, wasu kuma suna ganin maƙwabtan suna zuzuta abin. Zumunci ya lalace a garin, mutanen da suka yi shekaru suna gaisawa suka koma kallon hadarin kaji.

Da ƙofar siyasa ta rufe, sai aka koma ta shari'a. Garin yana da wata hukuma mai sauraron ƙorafi a kan dokar gine-gine, 'yan garin ne ke zama a cikinta. Wannan hukumar ta saurari wasu maƙwabta ta ce lallai injunan sun zama abin cutarwa a gidajensu. Ka san me shugabannin gari suka yi? Suka maka hukumar tasu a kotu. Gari ya kai gari ƙara. A watan Nuwamban 2013, bayan shugabannin sun ƙara awannin aikin injunan don rage asara, alƙali Christopher Muse ya ba da umarnin wucin gadi: daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma kawai, ban da Lahadi da wasu manyan ranakun biki. Da wannan lissafin ribar ya rushe, domin injin da aka tsara zai yi aiki dare da rana ya koma ɗan rabin yini.

A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta taɓo inda ke ciwo. Ta ce fassarar da garin ya yi wa dokarsa kuskure ce, Wind 1 yana buƙatar izini na musamman kamar na kowa. Aka kashe shi a wannan shekarar, garin ya je neman izinin da ya kamata ya nema tun kafin a haƙa rami, hukumar ta hana. A watan Yunin 2017 alƙali Cornelius Moriarty ya tabbatar da hukuncin cewa injunan abin cutarwa ne, ya ce a kashe su duka. Shugabannin suka ce ba za su ɗaukaka ƙara ba. Ba kowace shari'a maƙwabtan suka ci ba fa, akwai ta neman diyya da garin ya yi nasara a cikinta a wannan shekarar. Amma wadda ta fi muhimmanci ta tafi.

Kada ka fita daga nan da tunanin cewa duk garin da ya kafa injin iska haka yake ƙarewa. A jihar dai, garin Hull ya kafa nasa tun 2001 ta hannun kamfanin wutar garin, ƙarami ne, kilowat 660, a ƙarshen wani tsiri da teku ta kewaye, kuma mutane sun so shi har aka ƙara babba a 2006 a kan tsohon juji. A Holan an yi wani bincike da ya gano abu mai ban sha'awa: mutanen da ke samun kuɗi daga injunan, galibi manoman da aka kafa su a gonakinsu, sun fi kowa kusa da ƙarar amma kusan ba sa jin ta takura musu. Kai ma ka sani, ƙarar injin niƙan gidanku daban take a kunnenka da ta gidan maƙwabta. Danmak ta gane wannan, a dokarta ta 2008 ta wajabta wa mai kafa injin ya yi wa mazauna kusa tayin aƙalla kashi 20 cikin 100 na hannun jari, kuma ya biya diyya in darajar gidan mutum ta faɗi. Daga baya sun sauya fasalin tsarin, amma tushen yana nan: wanda zai kwana da ƙarar a ba shi wani abu a hannu, a kuma san da shi tun farko.

Inda aka ƙi yin haka, fushin jama'a yakan haifar da dokar da ta wuce gona da iri. Jihar Bavariya a Jamus ta ce a 2014 sai injin ya nisanci gidaje da ninki goma na tsayinsa, abin da ya kusan tsayar da sabon gini a can. Folan ta kwafi irin wannan a 2016, sai a 2023 ta sassauta zuwa mita 700. Ingila kuwa daga 2015 ta ɗaure kafa su a tudu da sharuɗɗan da kusan haramci ne, sai a watan Yulin 2024 sabuwar gwamnati ta kwance. Shekaru tara ke nan. Shi ya sa nake cewa mai kishin makamashi mai tsafta ya fi kowa buƙatar a saurari maƙwabci, domin labarin Falmouth ya zama makami a hannun masu adawa da lantarkin iska a garuruwan da ba su taɓa ganin Cape Cod ba.

Za ka ce to mu ina ruwanmu, mu da ko wutar ba mu gani ba balle mu yi kukan ƙarar injinta? Gaskiya ne, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa gobe za a cika Arewa da irin waɗannan ba. Babban gwajin da muke da shi shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, aikin gwamnatin tarayya mai megawat 10, injuna 37 ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275, wato sai ka haɗa shida kafin su kai ɗaya na Falmouth. Shi matsalarsa ta daban ce: ya kwashe fiye da shekara goma yana jan ƙafa, kuma a can ne aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp a watan Disamban 2012, kafin ya kuɓuta bayan kusan shekara guda. Amma dokoki suna sauyawa a ƙarƙashin ƙafarmu. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da tsara kasuwarta. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In wannan ya tabbata a aikace, shugaban ƙaramar hukumarku zai iya zama mai gina abubuwa da kansa, ko tashar wutar sola, ko mahauta, ko tashar mota, ko wurin zubar da shara. Kowannensu a bayan gidan wani za a ajiye shi. Muna da dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli tun 1992, muna da ƙa'idojin ƙara na 2009 da hukumar NESREA ke kula da su. Tambayar da za ka riƙa yi a duk lokacin da ka ga an kafa allon sabon aiki a unguwarku ita ce, hukumar ta bi ta ƙofar da take tilasta wa ɗan kasuwa ya bi, ko ta yafe wa kanta? In a Massachusetts, inda ake da lauyoyi da jaridun gari da zauren taro a buɗe, an yi shekara biyar kafin kotu ta ce hukuma ma doka ta hau kanta, kai ka ƙiyasta namu.

A Falmouth dai, bayan hukuncin 2017 injunan sun ci gaba da tsayuwa ba motsi, ana kashe kuɗi wajen kula da su, ana neman wani garin da zai karɓa ko wani filin da za a mayar da su. A 2019 shugabannin suka yanke cewa ba za su sake juyawa a cikin garin ba, taron gari kuma ya amince da dala miliyan 2.5 don a kwance su. A watan Satumban 2022 aka kayar da su ƙasa. Irin waɗannan injuna ana ƙera su ne don su yi aikin shekara 20. Kowannensu shekara biyar ya samu, mafi yawanta kuma da rana kawai.